Wa ya fi sanin halinka, kai ko waɗanda kake zaune da su?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga malamanmu masu ilimin halayyar ɗan Adam da masu aikin sasanci ce. Kullum ana cewa zama da mutane ne ke sa mutum ya san kansa har ya gyara halinsa. To ta wace hanya? Ga mutum nan ya yi shekara 30 cikin iyali da abokan aiki, kowa ya san aibinsa ban da shi, kuma halin yana nan inda yake. In zama da mutane kawai ke gyara, me ya hana shi gyaruwa? A taimaka da bayani dalla-dalla.

Sarkin Musu:
Wa alaikumus salam. Ni tun daga tushe ban yarda da maganar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na waje zai gan ka ka yi shiru a taro ya ce girman kai ne, alhali kai ka san tsoron yin kuskure ne ya rufe maka baki. In ka ɗauki fassararsa ka ɗora wa kanka, ai ruɗa ka ya yi.

Malama Mai Nazari:
Malam Sarkin Musu, rabin maganarka gaskiya ne, kuma an gwada. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Simine Vazire, ta wallafa bincike a 2010 inda ta tara abin da mutane suka faɗa game da kansu, da abin da abokansu suka faɗa, da na baƙin da suka gan su na ɗan lokaci, sannan ta auna kowanne da abin da mutanen suka yi a zahiri. Sakamakon ya rabu. Abin da ke ɓoye a ciki, irin su fargaba da yawan damuwa, mai shi ya fi kowa saninsa. Abin da mutum ke marmarin a ce yana da shi, kamar kaifin basira da iya ƙirƙira, nan abokai suka fi shi dacewa. Wanda ke fili kuwa, kamar yawan magana, kusan kowa ya gano shi, har baƙo.

Abu biyu ne ke jawo haka. Na farko, ba ka ganin fuskarka sa'ad da kake magana, kuma ba ka jin muryarka yadda take isa kunnen wani. Kai kana ji a ranka bayani kake yi, shi kuwa tsawa yake ji. Na biyu, kai da niyyarka kake auna kanka, su kuma da abin da ya same su suke auna ka. "Ai ban yi nufin ɓata masa rai ba" gaskiya ce, amma ba ta goge cewa ran ya ɓaci ba.

Saboda haka a raba aikin. Abin da aka gani ka yi, da yadda ya taɓa mutane, wajensu za ka ji. Abin da ya sa ka yi, wannan kai za ka tono. Mai cewa shirunka girman kai ne ya wuce gona da iri, amma in ya ce "shirunka ya sa muka ɗauka ba ka yarda da shawarar ba, muka ajiye ta," to ya ba ka labarin da ba ka da shi.

Mai Sasanci:
Bari in amsa tambayar da aka yi kan mutumin shekara 30 ɗin kai tsaye. Zama ba ya gyara kowa. Labarin da ke fitowa daga zaman shi ke gyara, kuma shi wannan bawan Allah labarin ba ya isa gare shi.

Joseph Luft da Harrington Ingham sun zana wani tsari a 1955 da ake kira tagar Johari, mai gida huɗu: abin da kai da mutane kuka sani game da kai, abin da ka sani ka ɓoye, abin da suka sani kai ba ka sani ba, da abin da babu wanda ya sani tukuna. Gida na uku shi ne matsalarmu. Ba ya raguwa sai wani ya buɗe baki, kuma mutane ba sa son buɗewa. Tun 1970 Sidney Rosen da Abraham Tesser suka nuna cewa mutane na gaggawar isar da labari mai daɗi, su noƙe wa mara daɗi, ko da ba su suka jawo shi ba.

Sai ka ƙara da wannan: kusan duk mai irin wannan hali an taɓa gaya masa sau ɗaya. Ya tashi da faɗa, ko ya yi gaba da mai faɗar na wata guda. Sauran suka gani suka ɗauki darasi. Daga ranar kowa ya koma "babu komai, ranka ya daɗe." In kuma mai muƙami ne ko mai abin hannu, abin ya ninka, don masu iya gaya masa gaskiya ba tare da sun yi asara ba sun ƙaranta.

Malam Mai Allo:
Madalla da wannan bayani. Magabata ma sun yi maganar. Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo hanya huɗu na sanin aibin kai a cikin littafinsa Ihya'u Ulumid Din: zama gaban malami mai basira da zai nuna maka, neman aboki mai gaskiya ka ɗora shi a kan lura da kai, sauraron abin da maƙiya ke faɗa a kanka, da cuɗanya da jama'a, duk abin ƙi da ka gani a wurinsu ka tuhumi kanka da shi. Ku lura, duka huɗun sai da wani mutum. Ta ukun ce ta fi ɗaci. Maƙiyi yana ƙara gishiri, amma ba kasafai yake ƙago abu daga babu ba, inda ya ga rauni nan yake dannawa.

Mai Tambaya:
Allah Ya saka da alheri. To malamai, in mutum ya yarda zai tambaya, yaya zai yi? Don in ka ce wa aboki "gaya mini aibina," dariya zai yi ya ce ba ka da shi.

Mai Horarwa:
Dole ya yi dariya, ɗan'uwa, don tambayar ta yi faɗi kuma tana da haɗari a gare shi. Ga yadda ake yi.

Zaɓi mutum uku zuwa biyar daga ɓangarori daban-daban na rayuwarka, misali ɗaya a gida, ɗaya a wurin aiki, ɗaya tsohon aboki. Sharaɗi biyu: yana son ka da alheri, kuma ka taɓa ganin ya gaya wa wani gaskiya mai ɗaci. Mai son ka da ba ya iya faɗa ba zai amfane ka ba, haka ma mai iya faɗa da ba ya son ka. Kada ka haɗa da wanda abincinsa ke hannunka a zagayen farko.

Tambaya ɗaya za ka yi, ƙarama, mai iyaka. "In muna gardama, wane abu guda nake yi da ke sa maganar ta yi wuya?" Ko "a taronmu na jiya, me ka ga na yi da ya kamata in rage?" Cewa abu guda na sauƙaƙa masa, don ka riga ka amince akwai shi, zaɓa kawai zai yi. Ka ba shi kwana biyu ya yi tunani, kada ka tsare shi a tsaye.

Idan ya fara magana, abu biyu kaɗai ya halatta gare ka: neman misali, da godiya. "Yaushe ka ga na yi haka?" ya halatta. "Ai abin da ya faru ranar shi ne..." bai halatta ba. Nan mafi yawan mutane ke rushe aikin. Kai a ganinka ƙarin haske kake yi, shi kuwa abin da ya fahimta shi ne ba a karɓa ba, kuma ba zai sake ba.

Rubuta abin da aka faɗa da kalmomin mai faɗar, ka ajiye kwana biyu ko uku kafin ka yanke hukunci, don ranar farko zafin ne ke magana. Sai ka jera amsoshin. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, riƙe shi a matsayin zato. Abin da mutum uku da ba su san juna ba suka faɗa, naka ne, ko ka so ko ka ƙi.

Daga nan ɗauki hali ɗaya tak, ka mayar da shi aikin da ido ke gani. "Zan zama mai haƙuri" ba aiki ba ne. "Ba zan fara magana ba sai mai magana ya kai aya, na maimaita abin da ya ce a taƙaice" aiki ne. Bayan mako shida ka koma wa mutanen nan ka tambaya ko sun ga bambanci. Komawar tana da amfani biyu: tana hana ka yaudarar kanka, kuma tana sa su fara kallon sabon halin, don in ba a ja hankalinsu ba, tsohon hotonka za su ci gaba da gani ko da ka canja.

Sarkin Musu:
Duk wannan a takarda yana da kyau. A zahiri mutane nawa aka yi wa gyara suka ƙara lalacewa? Wani in ka gaya masa aibinsa, daga ranar ko gaisuwar kirki ba zai iya yi a taro ba.

Malama Mai Nazari:
A nan kam ina bayanka ɗari bisa ɗari. Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara ɗimbin bincike a kan yi wa mutane tsokaci game da aikinsu, suka wallafa a 1996. A jimlace tsokaci na inganta aiki, amma a fiye da kashi ɗaya bisa uku na lokutan aikin baya ya yi. Bayanin da suka bayar shi ne, duk sa'ad da tsokacin ya karkatar da hankalin mutum daga aikin zuwa kansa, wato daga "me zan gyara" zuwa "ashe ni wane irin mutum ne," amfaninsa na raguwa. Har yabo ma yana iya yin wannan ɓarnar in a kan mutumin aka yi shi ba a kan aikin ba.

Mai Horarwa:
Shi ya sa mai faɗa ma yana da nasa ladabin. Gaɓa uku: yaushe kuma a ina, me aka gani, me ya haifar. "Jiya da muke lissafin kuɗin tafiya, sau uku ka katse ni kafin in gama, sai na bar maganar, kuma akwai kuskuren da na so in nuna." Kwatanta da "kai ba ka sauraron kowa." Ta farko tana da abin kamawa. Ta biyu hukunci ce a kan mutum ɗungurungum, kuma "kullum" da "ba ka taɓa" gayyatar musu ne, don zai tuno rana ɗaya da ya saurara, shi ke nan magana ta koma can. A faɗa a keɓe, kusa da lokacin da abin ya faru, abu ɗaya a zama ɗaya.

Gwaggo Mai Shawara:
'Ya'yana kun yi ta maganar tambaya cikin natsuwa, amma inda mutum ya fi ganin kansa tsirara shi ne lokacin saɓani, musamman da wanda yake kwana yake tashi da shi. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

John Gottman na Jami'ar Washington a Amurka ya shafe shekaru yana ɗaukar ma'aurata a bidiyo suna tattauna abin da suka saɓa a kai, ana auna bugun zuciyarsu. Ya ware halaye huɗu masu rusa zama: sukar mutum maimakon abin da ya yi, raini, kare kai, da yin gum a share mai magana. Raini ya fi sauran muni, irin su gatsine, harara, kwaikwayon murya, da baƙar magana cikin sigar wasa. Amfanin wannan jerin ga mai son sanin kansa shi ne, kowa yana da wanda yake gudu zuwa gare shi in an matsa shi. Nemo naka. Yawanci abokin zamanka zai gaya maka shi cikin daƙiƙa biyar.

Abu na biyu na jiki ne. Idan bugun zuciya ya haura wajen 100 a minti ɗaya ana cikin gardama, sauraro ya ƙare, komai aka faɗa hari kake ji. Alamominsa: zafi a fuska ko kunnuwa, numfashi sama-sama, dafe haƙora, da shirya amsa tun mai magana bai gama ba. Maganinsa a dakata aƙalla minti 20. Amma dakatawar tana da sharaɗi. Ka faɗi lokacin da za ka dawo, in ba haka ba ya zama fushi ka yi ka fice. Kuma kada ka yi minti 20 ɗin kana tara hujjoji a zuci, don jikin ba zai sauka ba. Yi tafiya, yi alwala in mai yi ne, karanta wani abu daban.

Bayan ƙura ta lafa, rubuta layi huɗu: me aka ce ko aka yi daf da tashin ranka, me ka ji a jiki, wace fassara ka yi wa maganar a take, me ka aikata. Layi na uku shi ne taskar. In ka tara goma ka karanta, za ka tarar fassara ɗaya ko biyu ce ke maimaituwa, kamar "an raina ni" ko "za a bar ni," alhali mutanen da abubuwan sun bambanta. Abin da bai canja ba a cikin goman nan, kai ne ka zo da shi.

Auta:
Gwaggo, ina da ja a nan, a gafarce ni. Idan abokin zaman ne ke amfani da "gyara" yana murƙushe mutum fa? Yau ya ce kin cika fushi, gobe ya ce abin da kika gani bai faru ba, har ki fara shakkar hankalinki. Ita ma sai ta zauna tana rubuta layi huɗu?

Gwaggo Mai Shawara:
A'a 'yata, wannan wata magana ce daban, kuma kin kyauta da kika tayar. Ga abin da ake dubawa. Mai gyara na gaskiya yana kawo misalin da za ki iya tunawa, kuma in kin gyara maganar ta mutu. Mai murƙushewa ba ya kawo misali, ko ya musanta abin da kika gani da idonki, kuma in kin gyara wannan sai wani ya ɓullo, ba a taɓa isa. Na farko yana karɓar gyara shi ma. Na biyu laifi bai taɓa zama nasa ba. Na farko ba ya damuwa ki tambayi wasu. Na biyu yana raba ki da duk wanda zai iya ce miki ba haka kike ba, kuma wannan rabawar ita ce babbar alama. In abin da mutum ɗaya ke faɗa a kanki ya saɓa wa na duk waɗanda suka san ki tun da, kuma amfanin "gyaran" kullum aljihunsa ko ikonsa yake komawa, to ba sanin kai ake koya miki ba. Idan da tsoro, barazana ko duka a ciki, ba a zama tattaunawar gyaran hali, taimakon waje ake nema wurin amintattu da ƙwararru.

Malama Mai Nazari:
Ƙari kan "fassarar da ke maimaituwa." Tana da asali. John Bowlby ɗan Birtaniya da Mary Ainsworth sun yi aiki a kan yadda jariri ke shaƙuwa da mai renonsa, sannan a 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver suka nuna irin wannan salon na bayyana a soyayyar manya. A taƙaice akwai mai natsuwa, akwai mai zullumin za a guje shi, akwai mai noƙewa in an matso shi da yawa. Idan mai zullumi ya haɗu da mai noƙewa, ga yadda take kaya wa: ta ga ya yi shiru, ta matsa da tambaya, ya ji an takura shi ya ƙara ja baya, ta ga ja bayan ya tabbatar da tsoronta ta ƙara matsawa. Kowannensu yana rantsuwa martani kawai yake yi. Ba namiji ko mace ba ne, ana samun akasin haka.

Ba a warware wannan da neman wanda ya fara. Kowa rabinsa zai kama. Mai noƙewa ya koyi cewa "ina buƙatar awa ɗaya, zan dawo mu ƙarasa," kuma ya dawo ɗin. Mai zullumi ya koyi faɗar buƙatarsa sau ɗaya a fili maimakon saƙo goma da gwaji. Salon nan ba tambari ba ne, yana sauyawa, amma a hankali, ta hanyar maimaita ganin cewa abin da ake tsoro bai faru ba. Kada dai a mayar da shi sandar duka, a riƙa ce wa mutum "kai ai mai noƙewa ne." An koma hukunci ke nan.

Sarkin Musu:
To na ji. Saura ɗaya. Wanda ya bi wannan hanya sau da ƙafa, ba zai wayi gari ya zama abin da mutane ke so kawai ba? Wannan ya ja nan, wancan ya ja can.

Mai Sasanci:
Zai iya, in ya ɗauki kowane tsokaci a matsayin umarni. Tsokaci labari ne, hukuncin naka ne. Ana iya gaya maka kana da tsauri a kan amanar kuɗi, ka saurara, ka gane gaskiya ne, ka sassauta lafazi, ka bar tsaurin inda yake don ka zaɓe shi.

Akwai binciken Stephen Drigotas da Caryl Rusbult da abokan aikinsu na 1999 da ya taɓa wannan. Sun gano mutum na matsawa kusa da irin mutumin da yake burin zama idan abokin zamansa na mu'amala da shi kamar ya riga ya fara zama hakan. Sharaɗin shi ne burin ya zama na mai shi. In miji yana tura matarsa ta zama 'yar kasuwa alhali ita koyarwa take so, ko da da kyakkyawar niyya ne, ba wannan ake nufi ba. Don haka kafin ka tambayi kowa, rubuta abu uku da kake son a san ka da su. Da su za ka tace abin da aka gaya maka.

Mai Tambaya:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Zama da aboki ana ta tattauna matsalolin juna, shi ma yana cikin wannan?

Malama Mai Nazari:
Ya danganta da inda hirar ke ƙarewa. Amanda Rose ta yi bincike a kan yara da matasa a 2002, ta ga abokan da ke yawan juya matsala ɗaya, suna maimaita ta, suna tono ɓacin ranta ba tare da neman mafita ba, shaƙuwarsu na da ƙarfi amma damuwarsu ma na da yawa. Daɗin hirar ne ke ɓoye illarta. Gwajin mai sauƙi ne: in kun yi maganar mutum ɗaya karo uku kuma babu abin da ya canja a abin da kai kake yi, hirar ta daina aiki. A karo na gaba ku ba kukan minti goma, sannan abokin ya yi tambaya biyu: "mene ne naka a ciki?" da "me za ka yi kafin mu sake haɗuwa?" In kun haɗu, da amsar ta biyun za a fara.

Sarkin Musu:
Minti goma ya yi kaɗan ga wanda aka yi wa rasuwa ko aka kora daga aiki, Malama.

Malama Mai Nazari:
Ƙwarai kuwa. Sabon rashi ba a sa masa agogo, kuma ba a tambayar mai shi mene ne nasa a ciki, zama ake yi a saurare shi. Minti goman na tsohon ƙorafi ne da ya shekara ana juya shi, irin na shugaban wurin aiki ko na suruki, wanda kowa a cikinku ya riga ya haddace.